Hoton Likkafani

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo tun jiya da cewa Najeeba ba ta da zuciya, an kore ta sau biyu ta sake wanke ƙafa ta koma, ku ɗan sassauta mata. Yau za ku ji abin da ya sa take haɗiye wulaƙancin gidan nan ko tari ba ta yi.

Karo na uku ke nan da Najeeba Abdulhamid ta tsayar da motarta a bakin wani layi a unguwar Bagadaza cikin Gombe, kuma karo na uku ke nan da Friday, mai riƙe mata kyamara, ya ƙi ko taɓa murfin motar.

"Oga Friday, ko gaisuwa ce ka zo ka yi."

Sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya ya ba ta kunnen dama, don na hagun ya shekara goma sha ɗaya ba ya jin komai.

"Me kika ce?"

"Na ce ka zo mu je tare."

"Darakta, ki rufa min asiri ki bar ni a mota. In Baba Kashim ya gan ni, ko amsa sallamarki ba zai yi ba. Je ki gwada sa'arki."

Ba ta ja da shi ba. Ta gyara mayafinta ta kama hanya.

Yau Laraba. Ran Asabar ake son fara ɗaukar fim ɗin da ta shekara huɗu tana rubutawa, labarin wani Bulama da ya fito da mutanen ƙauyensa da ƙafa daga Borno lokacin rikici, ya kawo su har Gombe. Kamfanin Abuja da ya ɗauki nauyin aikin bai ɓoye mata komai ba. In Kashim Muhammad Nur ne zai hau Bulama, ita ce darakta, kuma a Gombe za a yi. In ba shi ba, za a kwashe aikin a kai Kano a ba wani, sunanta ya koma can ƙarshen fim inda ba mai tsayawa karantawa. Shi kuwa Kashim ɗin, wanda a da in ya shiga kasuwa sai ciniki ya tsaya ana leƙensa, ya rantse da Alƙur'ani shi da kyamara har abada. Wankin hula yake yi yanzu.

A ƙofar gida ta same shi kan ɗan bencinsa, baho a gabansa, yana goge wata hula zanna da burushi. Waɗanda ya gama ya jera su a rana kan kututtukan itace, sun sha sitati sun tsaya cak. Furfura ta cinye gemun, amma muryar nan tana inda take.

"Salamu alaikum, Baba. Ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Darakta ce da kanta. Hala hula kika kawo wanki?"

"A'a, Baba."

"To mu nan hula muke wankewa."

Ta durƙusa a gefen bahon, don ba wanda ya nuna mata wurin zama.

"Baba, saura kwana uku."

"Ga wa?"

"Gare ni."

"Allah Ya ba da sa'a."

Ya ci gaba da gurzar hularsa. Najeeba ta dube shi, ta ji wani abu ya taso mata. Zuwa biyu ta yi tana lallashi, tana "don Allah Baba, don Annabi Baba", ba abin da ta samu sai ciwon gwiwa. Ita kuwa ladabinta yana da iyaka, duk wanda ya yi aiki da ita ya san haka.

"Baba, ka san wa za su ba Bulama in ka ƙi?"

Burushin ya ci gaba da aikinsa.

"Wani za su ɗauko wanda ko Potiskum bai taɓa takawa ba. Su zana masa tsaga da kwalli a fuska, ya riƙa karya Hausa da gangan mutane suna dariya, a ce ga Babarbare. Tafiyar kwana tara da Ya Gaji ta yi da ƙafa, ita za a mayar abin nishaɗi."

Burushin ya tsaya.

"Kada ki sake kama sunan uwata a kan fim."

"Allah Ya ba ka haƙuri. Amma ƙarya na yi?"

Ya daɗe yana kallon kumfar da ke cikin bahon. Har ta fara tunanin ta ɓata rawarta da tsalle, sai ta ji ya ce:

"Shafi na arba'in da biyu."

"Na'am?"

"Kin sa Bulama yana kuka a gaban mata a bakin kogi. Bulaman da ya yi kuka a gaban mata, wa zai bi shi ya shiga ruwa? Sai ya ga kowa ya haye tukuna, sannan ya zagaya bayan bishiya a ce kama ruwa ya je yi. A can zai yi kukansa. Ki gyara."

Rubutun fim ɗin da ta bari wancan makon, wanda aka rantse mata da shi za a hura wutar tuwo, ashe ba murhu ya shiga ba.

"Baba, ka karanta?"

"Sau biyu. Ba laifi. Ƙarshen ne ya yi tsawo."

"To rantsuwar fa? Na tambayi malamai, sun ce in mutum ya yi kaffara..."

"Ke za ki koya min kaffara? Kwano goma na shinkafa da nama da suka fita daga gidan nan jiya, kin ɗauka suna aka yi?"

Kafin Najeeba ta gama buɗe baki don murna, labulen zaure ya yi sama. Ya Bawa ce, yayar Kashim, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya, lafayarta a karkace, muciya a hannu. Da ganinta ka san tun ɗazu take laɓe.

"Kashim! Shinkafar da na tsaya da ciwon ƙafata na dafa, ka ce min sadakar Ya Gaji ce, ashe kaffarar komawa wasa ce? Da hannuna ka sa na kwance rantsuwar da ka yi a kan gawar uwarmu?"

"Ya Bawa, shiga ciki mu yi magana."

"Ba inda zan shiga! A ƙofar nan aka yi abin, a ƙofar nan zan faɗa." Ta juyo da muciyar kan Najeeba. "Ke 'yar masu gari, an gaya miki abin da fim ya yi wa gidan nan, ko a bakin 'yan gulma kika tsinta?"

Najeeba ta sunkuyar da kai. Da Ya Bawa ta san irin sanin da ta yi wa labarin nan, da ba da baki za ta tambaye ta ba.

"Watanmu huɗu da isowa garin nan wurinsa, ni da tsohuwa. 'Yan'uwanmu biyu muka baro a daji, har yau ba wanda ya ga gawarsu. Aka tafi da wannan wani ƙauye bayan Dadin Kowa, wai za a ɗauki inda ya mutu a fim. Aka naɗe shi a likkafani, aka cusa masa auduga a hanci, aka ɗora shi a makara. Wani marar tsoron Allah ya ɗauki hoto ya sa a Fesbuk, ya rubuta innalillahi a sama. Ko sunan fim ɗin bai sa ba."

"Ya Bawa."

"Bar ni! Muka yi ta kiran wayarsa, a kashe. Muka kira na abokan aikinsa, duk a kashe, wai doka ce in ana ɗauka. Kafin azahar layin nan ya cika. Mata suka shigo suna salati. Wata mai gwaninta ta miƙa wa Ya Gaji waya, wai ta ga ɗanta. Kin san me ta ce? Ta riƙe wayar ta ce, 'Alhamdu lillahi, wannan dai an yi masa sutura.' Ta ɗora kanta a cinyata. Ba ta sake ɗagowa ba."

Muryar tsohuwar ta karye, amma ta ƙi bari ta tsaya.

"Bayan la'asar sai ga shi ya sauko daga mota da ƙafarsa, farar hoda a fuska, yana tambayar wa ya rasu. Manyan maza suka watse da gudu. Tabarmin da aka shimfiɗa don makokinsa, a kansu aka zauna na uwarsa. Wannan shi ne fim. Shi kika zo ki mayar da shi."

"Ya isa haka," Kashim ya ce, kuma wannan karon ta yi shiru.

Ya tsame hular daga ruwa, ya matse ta a hankali, ya ɗora ta kan kututture. Sannan ya dubi Najeeba.

"Zan yi Bulama. Ba don ke ba, ba don mutanenki na Abuja ba. Don tafiyar kwana taran nan, kada wani ya ɓata ta. Amma da sharaɗi guda."

"Faɗi, Baba."

"Na ga sunan mai kyamara a bayan takardar. Friday. Daga wayarsa hoton nan ya fita, duk Gombe ta sani. Ba zan tsaya a gabansa yana leƙo ni ta gilashi ba. Ki cire shi, ran Asabar ki turo mota."

Shi ke nan fa. Shekara huɗu na rubutu, zuwa uku Bagadaza, ga shi an miƙo mata a hannu. "To" kawai za ta ce. Masu kyamara sun cika Jos, kira ɗaya ne wani ya hau mota yau ɗin nan. Shi kansa Friday ba zai yi musu ba, ta san shi, zai ce "ba komai, Darakta, aikin ya fi ni muhimmanci", ya tattara igiyoyinsa ya tafi gida. Ni da nake ba ku labarin nan na san rabinku da tuni kun ce "to" kun miƙe kuna kakkaɓe zane. Ita ma bakinta ya ɗauko kalmar, har ta ji ɗanɗanonta. Sai ta tuna yadda ya juyo da kansa gaba ɗaya ɗazu a mota don ya ji abin da ta ce.

"Ba zan cire shi ba."

Kashim ya ɗaga gira. "Ban ji ba."

"Ka ji, Baba. Friday ne zai ɗauki fim ɗin nan, daga fitowar farko har ta ƙarshe."

Ya Bawa ta tafa hannu, muciya da komai. "Ka gani ko? Ka ɓarar da shinkafarka a banza! Ka zubar da rantsuwarka don mutanen da suka fifita wanda ya kashe maka uwa!"

"Inna, ba shi ya yi ba."

"Rufe min baki!"

"To ki shiga zaure ki ɗauki takardunki," in ji Kashim, ya jawo wata hular. "Suna kan taga."

"Zan ɗauka. Amma sai ka ji abin da na zo da shi tun ranar farko na kasa faɗa."

Ta miƙe tsaye.

"Ka tuna yarinyar da ke riƙe littafin kwantiniti a wancan fim ɗin? Wadda take ɗaukar hoton kowace fitowa, don in an dawo daga hutu a san yadda aka bar kaya da kwalliya?"

Ya ɗan yi tunani. "Wata 'yar siririya mai hijabi ruwan toka. Ita ta gyara min audugar hancin, tana ta dariya."

"Ni ce."



"Shekarata goma sha takwas. A ɓoye nake zuwa, a gida an san lesin nake tafiya. Wayata ba ta ɗaukar hoto mai kyau, sai Oga Friday ya ba ni tasa in riƙa aiki da ita. Na ɗauki ɗaurin likkafanin ne don kada a canza shi bayan an ci abinci. Da na duba hoton sai ya burge ni, ya yi kamar gaske. Fesbuk ɗinsa a buɗe yake. Na ce bari in ja hankalin mutane, in an jima in rubuta sunan fim ɗin a ƙasa. Ina sakawa darakta ya daka tsawa kowa ya kashe waya, za a ɗauki sauti. Na kashe."



"Na manta, Baba. Wallahi mantawa na yi."

Ba ta ga lokacin da Ya Bawa ta sunkuya ba. Sanyin kawai ta ji. Wani bahon ruwan sitati da ke gefe gaba ɗaya tsohuwar ta juye mata tun daga ka, ya bi mayafi, ya bi fuska, ya shiga baki. Najeeba ba ta kauce ba, ba ta ko share ido ba.

"Shekara goma sha ɗaya!" Ya Bawa tana haki. "Shekara goma sha ɗaya ina tashi ina kai ƙarar bawan Allah wurin Ubangiji, ashe mai laifin tana unguwar Dawaki tana shan iskar fanka! Kika shigo gidan nan sau biyu kina ce min Inna! Wa ya haife ki a nan?"

Ƙofofin layin suka fara buɗewa. Mai kanti na tsallake ya bar mai sayen omo a tsaye ya leƙo. Wasu mata biyu da suka ɗebo ruwa suka sauke bokitai, suka tsaya gyaran gammo da ba abin da ya same shi.

Kashim bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ruwan sitatin tayar wa Najeeba da hankali.

"Yana ina?"

"Yana mota, a bakin layi."

"Kira shi."

Ta kira. Minti biyu sai ga Friday yana tahowa a hankali, hularsa ta hana-salla a hannu, yana kallon ƙasa. Da ya ga yadda Najeeba ta jiƙe sharkaf, sai ya tsaya cak. Ya gane.

"Darakta, me kika yi? Haba, Darakta. Me ya kai ki?"

"Matso nan," in ji Kashim.

Ya matso ya rusuna. "Baba, ina kwana."

"Ranar da samarin unguwar nan suka tare ka a bakin titi, ina tsaye a wurin."

Friday ya karkato da kunnen dama. "Baba?"

Kashim ya rufe ido. Sai da ya tashi daga bencin, ya zagayo ta ɓangaren da mutumin yake ji, sannan ya maimaita.

"Na ce ranar da suka doke ka ina tsaye. Ban ce su bari ba."

"Na gan ka, Baba."

"Me ya hana ka ka ce ba kai ba ne?"

Friday ya murza hular hannunsa. "Baba, ni ƙato ne, ka ga yadda suka yi min. Yarinya 'yar sha takwas fa? Kuma wayata ce. Ni na ba ta, ni ban rufe abina ba."

"Daga nan sai me?"

"Shekara uku ba wanda ya kira ni aiki a Gombe. Na koma Kaltungo ina ɗaukar biki da hoton fasfo. Da ta zama darakta ita ta je ta nemo ni. Ko wane aiki ta samu, da ni take yi. Ta yi ƙoƙari, Baba."

"Aiki ta ba ka. Sunanka fa, ta mayar maka?"

Friday ya mayar da idonsa ƙasa.

Kashim ya juyo kan Najeeba. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kin san har yau a layin nan in yaro ya shirga ƙarya me ake ce masa? Friday mai hoto. Yaran da ba a haifa ba lokacin, su ma sun iya. A gaban duniya aka ɓata mutumin nan, ke kuma kin zo ƙofar gida kina faɗa wa mutum biyu. Kin faɗa ne don ki samu ki yi barci. Je ki yi barcinki, Darakta. Ki gaya wa Abuja ba ni zuwa."

Maganar ta shige ta, ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Tun shekarun nan abin da take yi ke nan: ta ba Friday aiki, ta ƙara masa a kan abin da ake ba kowa, ta aika wa matarsa Jummy atamfa duk Kirsimeti, ta kwanta ta ce wa kanta ai tana gyarawa. Ba ta taɓa gyara komai ba. Kunya ta kama ta, sai kuma kunyar ta juye ta zama taurin kai, irin wanda ya sa ta riƙa sulalewa wurin fim a ɓoye tana 'yar sha takwas.

"Gaskiyarka, Baba."

Ta buɗe jaka ta ciro wayarta, ta goge fuskar wayar da gefen zanen da bai jiƙe ba. Ta shiga shafinta, inda mutum dubu ɗari huɗu ke bin ta. Ta miƙa wa Friday.

"Riƙe. Live zan shiga."

Ya ja da baya. "No, no, Darakta. Ki tsaya ki yi tunani. Mutanen Abuja suna bin shafin nan. Kafin azahar sun cire ki, kin san ba sa son surutu. Alhaji mahaifinki ma yana bi, da duk danginku."

"Na sani."

"Ni na yafe tun tuni! Na saba da abina. Kada ki zubar da fim ɗinki saboda ni."

"Fim ɗin ya riga ya zube, ba ka ji ba? Riƙe, Oga Friday. Kai ne mai kyamara."

"Ga sabon wasa za a yi mana a ƙofar gida," in ji Ya Bawa. "Komai nasu sai da kyamara. Tubarsu ma sai an haska."

"Inna, da kyamara na yi ɓarnar."

Friday ya karɓi wayar don ba yadda zai yi. Hannu ya san aikinsa ko zuciya ba ta so: ya ɗan matsa gefe don rana ta bar bayanta, ya daidaita ta a tsakiya.

"Ki ko share fuskarki."

"Bar ta haka."

Ya danna. Sitati ya fara bushewa a girarta, mayafin ya manne mata a kumatu. Najeebar da ba ta fita sai ta tsaya gaban madubi rabin awa, yau ga ta a haka.

"Mutum nawa?"

"Ɗari uku. Ɗari tara. Darakta, suna ta shigowa. Suna tambaya ko sabon fim ne."

"Ba fim ba ne," ta ce wa wayar, muryarta ta fita garau. "Sunana Najeeba Abdulhamid. Duk wanda yake Gombe shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya tuna hoton Baba Kashim Muhammad Nur a cikin likkafani, wanda mahaifiyarsa ta gani ta faɗi ta rasu. An ce Friday mai kyamara ne ya saka. An doke shi har ya rasa kunne, an hana shi aiki, an mayar da sunansa abin zagi. Ba shi ba ne. Ni na ɗauka, ni na saka, da wayarsa. Na ga ana dukansa a madadina na yi shiru, na ci gaba da yin shiru har yau da safe. Duk wanda ya taɓa zaginsa, ga wadda ta cancanci zagin nan a gabanku, ku kawo."

Ta tsaya. Ruwa yana ɗiga daga gefen mayafinta.

"Dubu shida," Friday ya ce a hankali, hawaye na bin fuskarsa, bai saki wayar ya share ba.

Sai ta ji motsi a bayanta. Kashim ne. Ya goge hannuwansa a jikin rigarsa, ya bi layin hulunan mutane da ke shanye, ya zaɓi wadda ta bushe ya kafa a kansa. Ya gyara wuyan riga. Ya tako.

"Kashim!" Ya Bawa ta kama hannun rigarsa. "Kyamara ce fa!"

"Na gan ta."

Ya zare hannunsa a hankali, ya zo ya tsaya dab da kafaɗar Najeeba. Shekara goma sha ɗaya rabon da wani ya ga fuskar nan a cikin hoto.

"Friday," Kashim ya ce da ƙarfi, yana karkata ta ɓangaren dama don ya ji, "riƙe ta da kyau, ɗana. In dai zan sake tsayawa gaban kyamara a duniya, to a hannunka ne, ba na wani ba."

Friday ya gyaɗa kai.

Sannan tsohon ya juyo. Najeeba ta nemi wani abu a fuskarsa, sassauci ko fushi, ba ta ga ko ɗaya ba.

"Ke kuma, 'yar Abdulhamid, ɗago ki dube ni. A gaban mutanen nan zan gaya miki abin da na yanke a kanki."